Sallama a Gindin Dalbejiya

Jiya a teburin mai shayi na ji ɗayanku yana cewa sare bishiya ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai. Wai a ba shi inji da galan na fetur, kafin azahar ya kwantar da duk bishiyar da aka nuna masa a Sabon Gari. Ban tanka ba, don bakina cike yake da burodi. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa yau zan ba ku amsa a tsanake. Kayar da bishiya ba abin alfahari ba ne, iska ma tana yi, kuma ba wanda ya koya mata. Abin da na ci shekaru ina koyo shi ne abin da ake yi kafin gatari ya taɓa ɓawo.

Ni Garba, a Jushi aka haife ni. Tun ina saurayi nake hawa bishiyoyin mutane tsakanin Samaru da Sabon Gari, ina rage reshe, ina sare wadda ta zama dole, har ranar da gwiwoyina suka ce sun yi ritaya. Wanda ya koya mini shi ne Baba Tanko, wani siririn tsoho mai ƙarancin magana. In ka gan shi a ƙasa za ka tausaya masa, in ya hau sama kuwa sai wuyanka ya gaji da kallo. Shekarata ta farko a wurinsa ko mangwaro ban hau ba. Igiya nake riƙewa, in wasa gatari, in ja rassa gefe. Na yi ta ƙunƙuni, shi kuma ya yi ta yi mini kunnen uwar shegu.

Aikin farko da na bi shi wani maɗaci ne a harabar wani coci a Sabon Gari, reshensa ya kwanta a kan kwanon rufi. Ina tsammanin da isarmu zai cire takalmi ya hau. Sai na ga ya juya gatari, ya buga gindin bishiyar da ƙeyarsa, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Ya koma gefe ya zauna, ya ɓare goro. Na dubi mai gadin cocin, shi ma ya dube ni. A raina na ce ashe tsohon nan da aljanu yake hulɗa, kuma a gidan mutane zai kunyata mu. Ba a jima ba na ji wani irin zuu daga sama. Ƙudan zuma ne suka fara fitowa daga wani kogo da ganye ya rufe, daidai inda mai hawa zai sa ƙafa.

"Ka ji sun amsa?" in ji Baba Tanko.

"Na ji, Baba."

"Da kai ne, da yanzu kana asibiti. Zauna ka ci goro."

Sai washegari da sassafe muka dawo da tsumma muka yi musu hayaƙi, sannan ya hau ya cire reshen. Kogon kuwa bai taɓa shi ba. Mai gadin nan ya daɗe yana shan zuma a bayanmu.

Wannan ita ce sallama, kuma ita ce farkon sana'ar. Bugun yana gaya maka lafiyar itacen, don mai ƙwari amsarsa gajera ce, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa ƙararsa kamar ta tulun da ba ruwa. Zaman da kake yi bayan bugun shi ke nuna maka wa ke ciki. Maciji zai sulale ta baya, kurege zai tsallaka katanga, rina za su fito su duba wane ne. Dokar Baba Tanko ba ta da tsawo. Wanda ya amsa, ka ba shi lokaci ya kwashe kayansa. Mai ƙwai ko 'ya'ya a sheƙa, ba a taɓa reshensa sai sun tashi. Kuma ba a kayar da bishiya gaba ɗaya a kan mai gidan da ya amsa yana ciki. Na taɓa tambayarsa ko addini ne ya ce haka. Ya ce a'a, ladabi ne, kuma shi ya kai shi tsufa da ƙafa biyu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Gatari babba na gindi, da ƙarami wanda ake ratayawa a baya a hau da shi. Baba Tanko bai yarda da ƙotar kasuwa ba, shi ke fafe tasa daga marke, ya shanya ta a inuwa har ta bushe don kanta. Adda ta ƙananan rassa ce. Zarto kuwa sai inda reshe ya kusanci wayar wuta, inda girgizar gatari za ta jawo maka abin da ba ka shirya ba. Amma igiya ita ce rabin aikin. A daji reshe faɗuwa yake yi, a cikin gari sauke shi ake yi, domin a ƙarƙashinsa akwai kwanon wani, da teburin wata, da akuyar da ba ta jin kora. Kana fara sara daga ƙasan reshe sannan ka dawo samansa, in ba haka ba ya tsage ya ja ɓawo har gindi. Kuma inda ka yanka shi ne hukuncin bishiyar. Dalbejiya in ka bar mata jiki sama da tsayin mutum, da kafaɗunta, za ta sake tofowa. In ka yanke ta daga ƙasa ka zuba baƙin mai a kan kututturen, ka gama da ita.

Wata Madam a gidajen malamai na Samaru ta taɓa kirana kan jemagu. Suna shan mangwaronta, su bar mata shaida a kan fararen zannuwan da ta shanya. Na ce mata da ta matsar da igiyar shanya da ya fi sauƙi. Ta ce ba shawara ta aika a kira ba. Na rage mata rassan da suka fi 'ya'ya, jemagun suka koma mangwaron maƙwabciyarta, wadda ita ma ta aiko a kira ni. Haka na bi jemagun nan gida gida har layin ya ƙare. Su suka ciyar da iyalina a wannan bazarar, shi ya sa ba na zaginsu.

A Samarun ne kuma wani malami Ba'indiye ya kira ni in cire reshen da ke goga masa taga. Da na yi sallama sai ya tambayi kukunsa me na ce. Da aka fassara masa, ya shiga ciki ya ɗauko mini kujera da kansa. Ya ce a birninsu shanu na kwanciya a tsakiyar titi motoci su kauce musu, birai na saukowa daga rufin gidaje su fizge ayaba a hannun mutum, kuma mahaifiyarsa kullum sai ta ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko. Shi ma na ga irin kaskon a bayan tagarsa. Shi ya fara gaya mini wai dalbejiya daga ƙasarsu aka kawo ta. Ban musa masa a gabansa ba, amma a hanya na ce wa kaina, bishiyar da kakata ta dafa mini ganyenta ina zazzaɓi ita ce baƙuwa? Daga baya na ji ashe da gaskiyarsa. To, ai rabin mutanen Sabon Gari ma haka suka zo suka yi saiwa.

Ku da kuke ƙasa kuna ganin garin nan na mutane ne da 'yan acaɓa. Daga sama daban yake. Na sha ganin shirwa tana shawagi a kan mahauta, ta zaɓi farantin wanda ya fi surutu ta sure masa tsoka. Na ga guzan da ke zaune a kwalbatin bayan kasuwa yana fitowa shan rana in ƙafa ta ɗauke. Na ga kurege yana bin wayar wuta zuwa gyaɗar da wata ta shanya a rufi, ita kuma tana ta zargin 'ya'yan maƙwabta. Da yamma balbelu sukan yi layi su nufi wata tsamiya a hanyar Dogarawa, har bishiyar ta koma fara fat. Ungulaye kuwa da can sukan cika rufin mahauta. A shekarun da wayar salula ta shigo ne na ɗaga kai wata rana na ga babu su, kuma ban ji wanda ya tambayi inda suka tafi ba.

Bishiyar da nake so ku sani wata dalbejiya ce a Unguwar Gabas, a ƙofar gidan wani dattijo, Oga Sunday, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Gidan nasa ne, amma inuwar ta Iya Bose ce. Bayarabiya ce, 'yar haya a gidan. Mijinta ne ya shuka bishiyar shekarar da suka tare, ya rasu ya bar ta da ita. Tun kafin in fara sana'a Iya take suyar ƙosai a gindinta, safe da yamma. Saboda ƙosanta mai shayi ya kafa tebur. Saboda mai shayi 'yan acaɓa suka mai da wurin tasha, saboda su mai faci ya zo, daga baya wata budurwa ta kafa laimar buga waya. Awakin layin a nan suke tuƙa. Ƙadangaru sukan kewaye murhun suna jiran abin da zai faɗi, kuma Iya ta san su ɗaya ɗaya. Akwai wani mai jan kai da take kira Kansila, wai don kullum yana gyaɗa kai amma ba a taɓa ganin ya yi komai ba.

A sama kuma akwai shamuwa. Duk shekara in bazara ta kai mutum bango, sai a tashi da safe a gan su tsaye a ƙololuwar bishiyar. Iya ce ke fara ganinsu, ta ce, "Baƙinmu sun iso, kowa ya duba rufin shi." Ba a jifan shamuwa, ba a taɓa sheƙarta. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci a layin nan ba su taɓa yin musu a kan wannan ba.

Ni ke rage wa dalbejiyar rassa duk lokacin da suka kai ga wayar wuta, bayan Baba Tanko ya bar hawa. Duk ranar da na buga gindinta na ce, "Salamu alaikum, masu gida," sai Iya ta amsa daga bakin kasko, "Masu gida na nan, Garba. Ka bi a hankali." Sai ta ƙunso mini ƙosai a takarda in ci ina jira. Da farko wasa ne. Da shekaru suka ja, sai ya zama in ban ji muryarta ba ba na jin na yi sallama.

Kukan ɗauka mummunar shekara ita ce wadda babu aiki. Tawa ita ce wadda aiki ya fi yawa, shekarar da murar tsuntsaye ta shigo. Rediyo ba ta da wani zance sai ita. Mutane suka daina cin kaza, mai shayi ya ɓoye ƙwansa a ƙarƙashin tebur, wanda ya ga matacciyar kurciya a hanya sai ya tsallaka titi. Duk mai bishiyar da tsuntsu ke kwana a kai hankalinsa ya tashi. A lokacin ne masu inji suka samu kasuwa. Su zo da safe, su yanke daga ƙasa, su zuba baƙin mai, su wuce gida na gaba. Tsamiyar balbelu kafin hantsi aka gama da ita. Da yamma balbelun suka dawo kamar kullum, suka yi ta kewaya sararin da babu komai, daga ƙarshe suka sauka a rufin wata makaranta.

Oga Sunday ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Shi ne ma mai korar yara in sun ɗauki dutse za su jefi shamuwa. Amma duk abin da aka ba shi na sallamar aiki a kaji ya zuba shi, ya gina musu keji a bayan gida, kuma rassan dalbejiyar sun miƙa har can. Ya aika a kira ni, na ce ina Samaru. Ya sake aikowa, na ce ina Dogarawa. Na yi ta zullewa har damina ta kankama, shamuwa suka ƙyanƙyashe. Ran nan sai ga shi da kansa a kan acaɓa a ƙofar gidanmu, da Hausarsa ta Sabon Gari wadda ba ta raba mace da namiji.

"Garba, ɓuya kake mani?"

"Ina ni ina ɓuya, Oga. Aiki ne ya yi yawa."

"Abeg, bishiyan nan zai sauka. Tsuntsu na kashi a kan keji na. Likitan dabbobi ya ce a raba su. In kajin nan ya mutu, ni ma na mutu."

"Iya fa?"

Ya dubi ƙasa. "Na gaya ma Iya. Ya ce ai gida na ne." Ya gyara hularsa. "In ba ka yi, masu inji na zuwa ran Asabar."

Na ce zan yi. Ba don ina so ba, sai don na san abin da inji ke bari a bayansa.

Da na je na buga gindin, tun kafin in rufe baki 'ya'yan shamuwa suka ɗauki kuka daga sama. Iya ma ta amsa kamar kullum, sai dai muryar ba irin ta kullum ba ce. Oga Sunday yana tsaye, ya ji duka biyun. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani, dokan Tanko." Muka shirya a kan zan fara cire rassan da ke kan keji, sauran kuma in bi su a hankali. Rassan kejin kam a ranar na gama su, ban yi wasa da su ba, don tsoronsa ba na banza ba ne.

Daga nan na shiga jan ƙafar da ban taɓa yin irinta ba a rayuwata. In an yi ruwa, ɓawo ya jiƙe, ba a hawa. In ba a yi ba, ana shirin yi. Ƙotar ƙaramin gatari ta tsage, kuma sabuwa sai ta bushe a inuwa. Juma'a ranata ce, Lahadi tasu ce, bai kamata a ji sara mutane na coci ba. Dauda, abokin aikina mai riƙe igiya, ya yi ciwon baya, ya warke, ya sake yi. Bishiyar da zan iya gamawa a kwana biyu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har sabuwar masara ta fito ana gasawa a bakin titi. Duk hawan da na yi sai na leƙa sheƙunan. Na ga 'ya'yan suna sake gashi, na ga sun fara tsayawa a bakin sheƙa suna gwada fiffike. Oga Sunday yakan tsaya a ƙasa ya dubi abin da na sauke ya ce, "Garba, wannan reshe ne ko tsinken sakace?" Ya san abin da nake yi sarai. Iya takan ƙunsa masa ƙosai shi ma, ya karɓa ya yi godiya, ba wanda ke ɗaga zancen.

Wata safiya na hau na tarar da sheƙunan wayam. 'Ya'yan sun bi iyayensu kiwo wajen gonakin Samaru. Da na sauko Oga Sunday yana jirana. A makon nan kajin wani mutum a layin baya suka zube dare ɗaya, idon Oga ya nuna bai yi barci ba.

"Sun tashi, Garba. Na jira. Saura kai."

"Oga, tunda sun tashi ai sai a bar ta."

"Da yamma suna dawowa kwana, ka sani. Baɗi ma za su zo. Ko kai yau, ko inji gobe."

"To, zan bar mata jiki sama da kai na. Kuma ba baƙin mai."

"Ba ganye, ba tsuntsu. Sauran ruwan ka ne."

Saura sallama. Mai shayi ya bar jujjuya kofi, 'yan acaɓa suka kashe injinansu. Kowa a wurin ya san dokar, Iya kuwa ta san ta tun daga bakin Baba Tanko. Rage reshe ba ya tayar da mai gida, amma yau bishiyar ce gaba ɗaya. In ta amsa, hannuna ya ɗauru, zan saɓa gatari in tafi, gobe inji ya zo ya kashe abin da mijinta ya shuka. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta so ta amsa, don kada ya zama hannuna ne.

Na juya gatari na buga. "Salamu alaikum, masu gida."

Ba abin da ya motsa a sama. Iya tana juya ƙosai, ba ta ɗago ba. Na jira har na ji kunyar tsayuwar. Na sake bugawa da ƙarfi, na sake yin sallama.

Sai ta ce, idonta a kan kasko, "Ba kowa a gida, Garba. Hau."

Ta sauke kaskon daga wuta, mai faci ya taya ta ɗauka zuwa tsallaken titi, ta zauna ta ba bishiyar baya. Ranar ce kaɗai ba ta ƙunso mini ƙosai ba, ni ma ban iya kallon wajenta ba. Na hau. Na sauke rassan ɗaya bayan ɗaya da igiya, ban bar ko guda ya faɗa kan duwatsun murhunta ba. Na bar jikin da kafaɗunsa, na shafe raunukan da laka kamar yadda aka koya mini. Da na sauko rana ta cika wurin, har na ga launin bangon gidan da ban taɓa lura da shi ba.

Washegari Iya ta dawo kan murhunta, ta sayi laima ta ɗaura a jikin itacen. Kafin damina ta ɗauke dalbejiyar ta fara fitar da jajayen tofo. Iya ce ta tare ni a hanya ta ja ni har wurin ta nuna mini da yatsa. "Ka gani? Yana da rai." Da rai kam, amma inuwar ko kaza ba za ta isa ba. Mai shayi ya koma gindin wani mangwaro a layin gaba, 'yan acaɓa suka bi shi, mai faci ya bi su. Ta rage ita da ƙadangaru. Na ce mata ta koma can ita ma, ta ce in ta tashi wa zai hana awaki da yara taɓa tofon.

Sai bazara ta zo. Ku da kuka taɓa tsayawa kusa da kaskon suya kun san yadda yake, balle ga tsohuwa, rana daga sama, wuta daga ƙasa. Wata la'asar ta yanke jiki ta faɗi a gefen murhu. 'Yarta Bose ta zo daga kudu ta tafi da ita, ina Samaru ban ma sani ba sai bayan kwanaki. Shamuwa sun zo a shekarar, suka kewaya, suka wuce. Labarin rasuwar Iya ta bakin mutanen cocinsu muka ji shi. Kajin Oga Sunday ba su mutu ba, amma ba mai saye, abincinsu ya fi ƙarfinsa, ya sayar da su yadda ya samu ya rufe kejin. Ban ɗora masa laifi ba. Da ni ke da kajin nan, ban san abin da zan yi ba.

Na daina bin layin gaba ɗaya, in aiki ya kai ni Unguwar Gabas sai in zagaya. Bayan wasu shekaru, dab da zan bar hawa, Oga Sunday ya aiko wai reshe ya kai waya. Da na sha kwana na hango dalbejiyar, sai da na tsaya. Ta cika ta batse, ta fi da can duhu, ga sheƙar shamuwa a sama. Mai shayi ya dawo, 'yan acaɓa sun dawo da hayaniyarsu. Duwatsun murhun suna nan inda suke, baƙi ƙirin, ba wuta a tsakaninsu. Mai shayi ya raɗa mini cewa wata mata ta nemi ta soya doya a wurin, Oga ya ce ba a nan ba. Shi kuwa yana zaune a benci kusa da duwatsun, ya tsufa ƙwarai, da sanda a tsakanin ƙafafunsa.

Muka gaisa. Na cire takalmi, na juya gatari na buga gindin, na ce, "Salamu alaikum, masu gida." Ban sa ran jin komai ba.

Sai na ji muryar Oga daga bayana, "Masu gida na nan, Garba. Ka bi a hankali."

Na juyo. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ƙunshin takarda, mai ya jiƙa ta. Ƙosai ne, tun da safe ya taka da sandarsa har layin gaba ya sayo. Ya matsa mini a bencin. Ƙosan ya huce, kuma ko kusa bai kai na Iya ba. Muka zauna muna ci, wani ƙadangare mai jan kai yana kan dutsen murhu yana jiran rabonsa. Ranar na daɗe ban hau ba.